Morga Goma Sha Biyu: Yadda Na Nemo Kakan Kakana a Polan

Ranar sunan ɗana na uku, bayan jama'a sun watse an bar mu 'yan gida, baffana ya zaunar da manyan yarana ya shiga lissafo musu kakanni. Wane ya haifi wane, wane ya taso daga ƙasar Katsina ya sauka a Zazzau, wane ya sari dajin da ya zama gandunmu. Ya jero mutum bakwai bai yi tuntuɓe ba. Da ya gama, babbar 'yata, lokacin shekararta tara, ta juya wajen mahaifiyata ta ce, "Kaka, ke fa? Su wane ne naki?" Mama ta faɗi sunan mahaifinta, ta faɗi na kakanta, sai ta tsaya. Can ta ce, "Manoma ne, ƙawata. Iyakar abin da na sani ke nan."

Mahaifiyata 'yar Polan ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tafi can karatu a shekarun 1970. Ya fara yin shekara guda a Łódź yana koyon harshe, kamar yadda ɗaliban ƙasashen waje suke yi a wancan zamani, sannan ya wuce Warso ya karanta aikin injiniya. A nan suka haɗu, ya dawo da ita Kaduna. Ta musulunta, ta yi aikin Hajji, Hausa ta zauna a bakinta har da karin magana, duk unguwa Hajiya Baturiya ake ce mata. Amma tun ina yaro nake jin wata magana da ake yi ba da mugun nufi ba, tana kuma sukata: ai Turawa ba su da dangi. A ranar sunan nan na ga fuskar Mama lokacin da sunayenta suka ƙare a na biyu, na kwana da abin a raina.

Aikina awon filaye ne, don haka na san ba a fara awo daga tsakiyar daji. Daga turken da aka tabbatar ake ja. Turkena Mama ce. Na yi sati uku ina zuwa wajenta bayan isha'i, in ajiye waya tana naɗar murya, in bar ta ta yi ta magana. Ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ciki akwai takardar haihuwarta ta birnin Radom da hotuna huɗu. Ta tuna hannun kakanta, wanda jima ta rina shi har ya mutu bai koma daidai ba, domin Radom gari ne na majema, shi kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Ta tuna ana kai ta ƙauye da kaka, lokacin tonon dankalin turawa, a tara ganyen a cinna wuta a gona, a binne dankali cikin toka, yara su ci da gishiri baki duk baƙi. Sunan ƙauyen, in ji ta, Wólka.

Na yi murna, na buɗe taswira. Sai na tarar Wólka ta cika ƙasar maƙil. Kamar a ce maka mutum ɗan Sabon Gari ne ko ɗan Tudun Wada, je ka nemo shi a Arewa. Daga baya na fahimci dalili: suna ne da ake ba sabon matsuguni wanda mai ƙasa ya yafe wa mazaunansa haraji na wasu shekaru don su sari daji su zauna. Kowane yanki da nasa. Dole na bar ƙauyen tukuna, na koma bin takarda ɗaya bayan ɗaya.

A Polan, takardar haihuwa tana zama a ofishin rajista na gari har ta cika shekara 100, ta aure da ta mutuwa kuma shekara 80, sannan a miƙa su gidan adana takardun tarihi na gwamnati inda kowa zai iya gani. Ta kakana, mahaifin Mama, ba ta kai ba a lokacin, saboda haka sai wanda ya nuna shaidar dangantaka. Mama ce ta sa hannu a wasiƙar, da harshenta da ta daɗe ba ta rubuta ba, tana yi tana gogewa. Bayan kusan wata biyu amsa ta zo, ɗauke da sunan iyayensa biyu har da sunan gidan da uwar ta fito. Irin wannan sunan gidan mace, wanda a lokacin ban ba shi muhimmanci ba, shi ne abin da ya cece ni a gaba.

Akwai wani rumbu a intanet mai suna Geneteka, wanda 'yan sa-kai na ƙungiyar masu binciken asali ta Polan suke cikawa. Mutane ne suke zama su kwafe sunaye daga tsofaffin littattafan coci, ba wanda yake biyansu. Na sa sunayen nan biyu, sai ga aurensu a Radom, 1909, har da mahaɗin da zai kai ni hoton shafin. Na danna hannuna yana rawa. Shafin ya buɗe, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Da Rashanci aka rubuta shi.

Sai a nan na zauna na karanta tarihin da ya kamata in sani tun da daɗewa. Rasha da Prusiya da Ostiriya sun yi watandar Polan sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, ƙasar ta ɓace daga taswira har shekara 123, sai a 1918 ta dawo. Yankin Radom, bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon, ya faɗa hannun sarkin Rasha. An ci gaba da rubuta littattafan haihuwa da aure da mutuwa da harshen Polan, amma bayan tawayen 1863 da aka murƙushe, sai daga 1868 aka tilasta wa limaman coci su koma Rashanci, har zuwa lokacin yaƙin duniya na farko. Ke nan kusan rabin rayuwar mutumin da nake nema, wato kakan kakana, tana cikin harshen waɗanda suka mallake su.

Na koyi haruffan kamar yadda na koyi ajami a makarantar allo, baƙi bayan baƙi. Na buga su a takarda na manna a bangon ɗaki. Rubutun hannu ne na ƙarni na 19, kowane limami da irin jan alƙalaminsa, wani kamar tafiyar tururuwa, wani kuma tawadarsa ta huda takarda ta fito a baya. Abu biyu ne suka sauƙaƙa mini. Na farko, sau da yawa sukan rubuta sunan mai takardar sau biyu, da Rashanci sannan da haruffan Polan a gefe. Na biyu, duk takardun tsari ɗaya gare su, kamar huɗuba: in ka haddace ɗaya, ka san inda za ka nemi suna da shekaru da sana'a a sauran. Ranaku kuwa da kalmomi ake rubuta su, ba da lamba ba, kuma biyu-biyu. Na daɗe ina ɗauka ta farko ranar haihuwa ce, ta biyu ranar baftisma, har na cika littafina da wannan kuskure. Ashe rana ɗaya ce a kalanda biyu: tsohuwar da Rasha take bi, da wadda Polan da mu muke bi. Tazararsu kwana 12 a ƙarni na 19, ta koma 13 bayan 1900.

Sati biyu na yi a kan takardar auren nan. Da ta buɗe mini, ta ce ango majemi ne mazaunin Radom, an haife shi a Wólka, ta kuma faɗi cocin da ƙauyen yake ƙarƙashinsa, ɗan marigayi Wojciech da matarsa Marianna. Na tashi cikin dare na kira Mama, na faɗa mata sunan cocin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Akwai wata doguwar hasumiya, ana hango ta daga kan keken doki."

Littattafan wannan coci suna nan a shafin gidajen tarihi na gwamnati, Szukaj w Archiwach, an ɗauki hotonsu shekara-shekara. Sun tsira ne saboda a wancan lokaci kwafi biyu ake yi, ɗaya a coci ɗaya a miƙa wa hukuma. Na shiga bin su daga 1882, shekarar da aka haifi majemin, ina komawa baya. A nan na yi kuskuren da ya ci mini wata huɗu. Wojciech suna ne da ya cika ƙauyukansu kamar Musa ko Audu a wajenmu, Marianna kuma kamar Maryam. Na sami Wojciech mai sunan gidanmu da matarsa Marianna a Wólka, na rungume shi, na bi shi har iyayensa, na zana bishiya na nuna wa yara. Wata rana ina jera haihuwar 'ya'yansa sai na ga biyu tsakaninsu wata biyar. Na koma na duba sunan gidan iyayen mata. Marianna biyu ne, Wojciech biyu ne, 'ya'yan wa da ƙane, gidajensu a layi ɗaya. Wanda na bi ba nawa ba ne. Na yage zanen na sake daga farko, kuma tun daga ranar ban ƙara karɓar wata takarda ba sai sunan gidan matar ya yi daidai.

Nawa an haife shi a 1838, ya yi aure a 1861. Takardun farko da harshen Polan suke, don haka na karanta su da taimakon Mama. Ga yadda ta haihuwar ɗansa na fari take, in an juyo ta Hausa: ya faru a ƙauye kaza, rana kaza, ƙarfe kaza na yamma, Wojciech, manomi, mazaunin Wólka, mai shekara kaza, ya zo tare da shaidu biyu, su ma manoma, ya nuna mana jariri namiji da aka haifa jiya daga matarsa. A ƙarshe kuma: an karanta wannan takarda ga mai kawowa da shaidu, mu kaɗai muka sa hannu, domin su ba su iya rubutu ba.

Wannan jimla ta ƙarshe tana ƙarƙashin kowace takarda tasa, daga aure har haihuwar autansa. Sau tara ya tsaya gaban limami da jariri a hannu, sau tara aka karanta masa abin da ba zai iya dubawa ba, daga baya ma da harshen da ba nasa ba. Duk abin da na sani game da shi daga alƙalamin wani ya fito. Huɗu daga cikin 'ya'yan tara ba su girma ba. Biyu sun rasu a mako ɗaya a 1873, yarinya mai shekara shida da ƙanenta mai biyu. Takardun ba sa faɗin abin da ya kashe mutum, amma littafin mutuwa na wannan shekara ya fi na sauran kauri nesa ba kusa ba, kuma shekarar kwalara ce a ƙasar. Shi da kansa ya je ya ba da sanarwar duka biyun. Na rufe kwamfuta a daren nan, na leƙa ɗakin yarana suna barci, na daɗe a tsaye.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne gonar. An soke bautar manoma a wannan yanki tun farkon ƙarni na 19, amma ƙasa ta ci gaba da zama ta masu gari, wato manyan iyalai masu gidan gona. Shi ya sa har yau suke ambaton wata magana, cewa an cire wa manomi mari amma an haɗa da takalmansa. Wanda yake son ya ci gaba da noma inda ubansa ya noma, sai ya biya da jikinsa: kwanaki a kowane mako a gonar mai gari, gwargwadon girman abin da yake riƙe, wani da dabbobinsa wani da hannunsa. Pańszczyzna suke kiran wannan aiki. Da na bayyana wa baffana, ya ce, "Gandun sarki ke nan." Cikin wannan aka haifi Wojciech, cikinsa ya girma. A Janairun 1863 'yan tawaye suka yi shelar cewa ƙasar da manomi yake nomawa ta zama tasa. Sarkin Rasha Alekzanda na Biyu, don ya raba manoma da 'yan tawayen, ya fitar da tasa dokar ranar 2 ga Maris 1864, ya mallaka musu gonakin, gwamnati ta biya masu gari diyya, manoma kuma suka koma biyan harajin ƙasa. Aka zagaya ƙauye-ƙauye aka rubuta jadawali na wanda ya sami me. Na ƙudurta sai na ga na Wólka da idona.

Na yi tari na shekara biyu, na nemi biza, na tafi a watan Satumba. A Warso wata matashiya da aka haɗa ni da ita don tafinta ta tarbe ni da "Sannu da zuwa, yaya hanya?" A jami'ar Warso ta karanta Hausa, inda aka daɗe ana koyar da ita. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Radom, tafiyar kilomita kusan 100 kudu.

A ɗakin karatu na gidan tarihi aka kawo mini jadawalin. Takarda ce mai faɗi mai layuka, kamar rajistar da muke cikawa a ofis. Na bi da ido har lamba ta 14, sai ga sunansa, da gida da fili da gona da makiyaya, jimla morga 12, da haƙƙin kiwo da ɗibar itace a dajin mai gari. Morga awo ne nasu na da, ɗaya ta ɗan haura rabin hekta, 0.56. Na lissafa a gefen littafina: hekta 6.7. Shekara ashirin ina auna filayen mutane, ban taɓa rubuta lambar da ta sa ni hawaye ba sai wannan. Yana da shekara 26, shi ne na farko a zuriyarsa da aka rubuta ƙasa da sunansa.

Lambar kuma ta warware mini wata tambaya da ban ma yi ba. Dokar wancan lokaci ta hana a raba irin wannan gona ƙasa da morga 6. 'Ya'yansa maza uku ne suka rayu. Goma sha biyu ta isa biyu, ba ta isa uku ba. Autan, kakan Mama, shi ne ya ɗauki ƙunshinsa ya nufi majemar Radom. Da gonar ta kai morga 18, mai yiwuwa da ba a haifi Mama a birni ba, da ba ta je Warso ba, da ba ta gamu da wani ɗan Zazzau ba.

Kafin mu je ƙauyen mun biya gidan kayan tarihin ƙauyukan Radom da ke bakin gari, inda aka kwaso tsofaffin gidajen manoma aka sake kafa su. Na shiga ɗaya: bangon gungume, jinkar ciyawa, ɗaki guda da babban murhu na ƙasa wanda shi ne madafa shi ne kuma makwancin yara da hunturu, dutsen niƙa na hannu, turmi na itace. Mai gadin ta ce a turmin ake surfa proso. Wani ɗan'uwan gero ne, ƙwayarsa rawaya, suna dafa shi kamar fate. Ta kuma koya mini kalmar przednówek, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Ban buƙaci a yi mini ƙarin bayani ba.

Wólka layi ɗaya ce, gidaje hagu da dama, bayan kowane gida gona ta miƙe siririya doguwa har bakin daji. Muka fara zuwa wajen sołtys, wato mai unguwarsu, kamar yadda baƙo zai yi a ko'ina. Ya duba takarduna, ya dube ni, ya sa hularsa ya kai mu gidan wata tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda aka haifa da sunan gidanmu. Jikar babban ɗan Wojciech ce ta wajen uba. Ta sa tabarau ta daɗe a kan hoton Mama tana yarinya, sannan ta ce ta tuna 'yar birnin nan mai tsoron dinya. Ta kama fuskata da hannu biyu. Na gaya mata ba na cin naman alade, ba ta tambayi dalili ba, ta kawo dankali da kindirmo da burodin żyto, wani ɗan'uwan alkama mai jure rairayi da sanyi, wanda shi da dankali ne abincin ƙauyen tun zamanin Wojciech.

Kabarinsa babu. Ya rasu a 1902, gicciyen itace aka kafa masa, ya ruɓe tuntuni, kuma a can kabarin da aka daina biya wa kuɗi bayan shekara 20 ana iya sa wani a wurin. Tsohuwar ta nuna mini kusurwar da ake binne mutanen gidan. Ni Musulmi ne, shi ɗan Katolika, na tsaya na yi shiru na ɗan lokaci, ita kuma ta kunna 'yar fitilar da suke ajiyewa a kaburbura.

Gonar kuwa tana nan. Rabin da ya faɗa hannun kakanta, jikanta ne yake nomawa da tarakta. Na roƙi izini na taka ta daga bayan gida har daji ina ƙirga taku, kamar yadda nake yi kafin in kafa na'ura. Faɗinta bai fi taku arba'in ba, tsawonta ya sa ni haki. An riga an tone dankali. Na durƙusa na damƙi ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsuna.

Da na dawo Kaduna muka taru a falon Mama. Na karanta mata sunayen daga mahaifinta har uban Wojciech da kakansa, wanda na tsinto a takardar mutuwa, mutum biyar, ita ta shida. Ta sa na maimaita, tana bi da leɓe. 'Yata ta kwafe su a bayan littafin makarantarta, ƙarƙashin na gidan Baffa. Shi kuma Baffa yana gefe yana ta juya hoton gonar a wayata, yana buɗa shi da yatsu.

"Fadama ce ko jigawa?"

"Jigawa ce, Baffa. Rairayi zalla."

"Yana da shanu?"

"Sun ba shi haƙƙin kiwo a daji, ina jin ba zai rasa saniya ɗaya ko biyu ba."

Ya gyaɗa kai. "To da taki ya riƙe ta. Irin wannan ƙasa in ba ka ba ta ba, ba ta ba ka." Ya miƙa wa Mama wayar. "Hajiya, dubi nan wajen dajin. Nan ne kuke gasa dankalin?"

Mama ta gyara tabarau, ta kawo wayar kusa da fuskarta. Ta ce a'a, can gaba ne kaɗan, akwai wata bishiya.